Ja-gora a cikin aljihu: wace na'ura ta dace da matafiyi?

Baƙo a babban birni kamar makaho yake, sai da ɗan ja-gora. Ma'aikacin da aka aika taro birnin Paris, ko ɗalibin da ya tafi ƙarin ilimi, in ya samu yini guda na hutu yakan so ya ga gari, ya kuma fahimci abin da idonsa ke gani. A da, littafin ja-gora ne abokin tafiya, irin Guide du Routard da ya fara fitowa a Faransa cikin 1973. Yanzu littafin da taswirar gari da muryar mai bayani duka sun shige cikin na'ura ɗaya. Saura a san wadda za a ɗauka.

Ja-gora mai magana ba baƙon abu ba ne. Tun cikin 1952 gidan zane-zane na Stedelijk da ke Amsterdam, ƙasar Holan, ya riƙa ba masu ziyara ƴar rediyo su saurari bayani suna zagayawa. Daga baya kaset ya karɓi aikin. A gidan tarihi na Luvur da ke Paris, inda aka baje kaya wajen 35,000, an kawo na'urorin wasa na Nintendo 3DS guda 5,000 cikin 2012, suna bayani suna kuma nuna wa baƙo ɗakin da yake. An daina aiki da su cikin 2025. Na'urar haya irin wannan iyakarta ƙofar gidan. Da an fito titi, matafiyi da abin hannunsa ne.

Na'ura uku ake kwatantawa. Ta farko allon karatu ne, irin Kindle da ya fito cikin 2007. Ba shi da nauyi, ana karanta shi ko cikin rana, kuma cajinsa yakan kai makonni. Amma yawancinsu ba su da launi, ga nawa wajen buɗe taswira, kuma ba sa nuna wa mutum inda yake tsaye. Ta biyu tabilet ce. Fuskarta na da faɗi, mai raunin gani zai ji daɗinta, sai dai tana gajiyar da hannu, tana kuma jawo idon ɓarawo cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ta uku ita ce salular da kowa ya riga ya mallaka. Tana ɗaukar littafi da murya da taswira, kuma tana gane wurin da mutum yake ta hanyar tauraron ɗan adam ko babu intanet. Ga mafi yawan matafiya ita ta fi dacewa, in an yi mata shiri.

Shirin kuwa a gida ake yin shi. A sauke taswirar birnin da littafin da muryoyin bayani tun kafin a hau jirgi, sannan a kashe intanet a gwada su. Wanda ya bar layinsa na gida a buɗe a ƙasar waje, kuɗinsa na iya ƙarewa kafin ya kai masauki. Layin da aka saya a Faransa kuwa yana aiki a sauran ƙasashen Tarayyar Turai ba tare da ƙarin kuɗi ba, bisa dokar 2017.

Raunin salula shi ne baturi, domin taswira na shan wuta. Don haka a riƙe baturin ajiya. Dokar jiragen sama ta ce a jakar hannu ake sa shi, ba cikin akwatin da za a auna ba, kuma wanda ya wuce Wh 100 sai da izinin kamfanin jirgin. A duba kan abin caji ma: ramin kuran na Faransa mai ƙafa zagayayyu ne, na Ingila da Saudiyya kuwa mai ƙafa uku ne masu kusurwa. Kada a manta da abin sauraro na kunne, domin ba a sakin murya cikin gidan tarihi.

Bayan duk wannan, matafiyi ya rubuta sunan masaukinsa da lambar ofishin jakadancin ƙasarsa a takarda, ya sa a wani aljihun dabam da na salula. In na'ura ta mutu ko ta ɓata, takardar nan ita zai nuna wa ɗan sanda ko direban taksi ya koma masauki lafiya.