ƘWAYOYIN CUTAR KWAMFUTA DA TSARON WAIFAI NA GIDA

A zangon karatu na biyu, ana saura mako guda a soma jarrabawa, ɗaya daga cikin malamanmu ya kai falash ɗinsa wani shago a Yelwa domin a buga masa tambayoyi. Da ya dawo ya sa shi cikin kwamfutar ofis, sai ya tarar dukan takardunsa sun ɓace, ba abin da ya rage sai waɗansu alamu masu ɗan kibiya a gindinsu. Aikin wata guda ke nan. Ya kusa share falash ɗin gaba ɗaya don baƙin ciki, Allah ya sa aka tsayar da shi. Takardun suna nan, ɓoye su kawai aka yi. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu yi wa ɗalibai da iyaye da 'yan ikkilisiya bayani a kan wannan al'amari.

Abin da ake kira ƙwayar cutar kwamfuta, ko bairos, ba halitta ba ce kamar ƙwayar zazzaɓi. Manhaja ce wadda wani mutum ya zauna ya rubuta domin ta shiga kwamfuta ba da izini ba, ta kwafi kanta, ta wuce gaba. Ɗaya daga cikin na farko da suka yi suna ita ce Brain, wadda waɗansu 'yan'uwa biyu suka rubuta a birnin Lahore na Pakistan a 1986, ta kuma yaɗu ta hanyar faifan da ake ba juna aro. Yau ma a Wara da Libata da Birnin Yauri hanyar ba ta canja ba ƙwarai, falash ne ya maye gurbin faifai. Kwamfuta ɗaya a shagon buga takardu tana karɓar falash na mutane da yawa a yini, kowa kuwa ya tafi gida da tsaraba. Wadda ta kama malaminmu takan ɓoye takardun gaske, ta ajiye alamun ƙarya masu sunansu. Duk wanda ya danna alamar, shi ya buɗe mata ƙofa. Saboda haka in kun ga haka, kada ku danna, kada kuma ku share. A wanke falash ɗin da manhajar rigakafi, sa'an nan wanda ya iya ya fito da ɓoyayyun takardun.

To, wace manhajar rigakafi za mu sa? Amsar za ta ba waɗansu mamaki. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, kamfanin Microsoft yana haɗa tasa da ake kira Defender cikin kwamfutar, ba a biyan ko kwabo. Ga aikin gida da na makaranta, a ganinmu ta isa, muddin ana barinta ta sabunta kanta ta intanet. Nan ne gizo ke saƙar. Manhajar rigakafi tana gane cuta ne galibi da jerin alamomin da take riƙe da shi, sababbin cututtuka kuwa kullum fitowa suke yi. Wanda ya hana ta sabuntawa don tsoron cin data, ya zama kamar mai kamun kifi a tafkin Kainji da taru mai manyan ramuka.

Wanda yake son ta wani kamfani dabam, akwai su da yawa, irin su Bitdefender da ESET da Avast da Kaspersky. Akwai cibiyoyi biyu masu zaman kansu da ke gwada su suna buga sakamakon kyauta, wato AV-TEST a Jamus da AV-Comparatives a Ostiriya. Gara a duba can da a bi maganar mai sayarwa. A sani kuma ba kowace kyauta ce kyauta ba. A 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ci tarar Avast dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani da manhajarsa suke ziyarta. Kada a sa biyu a kwamfuta ɗaya, domin sai su riƙa karo da juna har kwamfutar ta yi nauyi. Wadda wa'adinta ya ƙare a cire ta ɗungum, Defender ta karɓi aikin. Mafi muni ita ce ta sata, wadda masu gyara sukan ɗora wa mutum "kyauta" bayan an fasa makullinta. Sau da yawa cutar tana cikin maganin.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayu na 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta kulle takardun kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har da asibitocin Ingila, tana neman kuɗin fansa. Alhali kuwa Microsoft ya riga ya fitar da facin tsagar tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba su ta kama. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin kwamfutocinmu na hannu ne. An daina yi wa Windows 7 faci a Janairun 2020, Windows 10 kuma aka janye mata tallafi na kowa da kowa ranar 14 ga Oktoba, 2025. Tsohuwar kwamfuta irin wannan tana iya buga takardu, amma ba mu ba kowa shawara ya shiga asusun banki da ita ba.

Yanzu bari mu koma kan waifai. Gidaje da dama sun sayi 'yar na'urar nan da ake sa wa layin MTN ko Airtel ko Glo ta raba intanet ga wayoyi. Saƙonta ba ya tsayawa a katanga, yana kaiwa har zauren maƙwabci da dakalin da samari ke hira. Na'urar tana da makulli biyu, mutane kuwa ɗaya suka sani. Na farko shi ne kalmar sirrin shiga waifai. Na biyu shi ne na shafin sarrafa na'urar, wanda ake buɗewa da waɗansu lambobi kamar 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, suna nan rubuce a jikinta ko ƙarƙashin batirinta. A na'urori da yawa kalmar da kamfani ya sa wa wannan shafi "admin" ce kawai, duk duniya kuma an san haka. A 2016 wata cuta mai suna Mirai ta mamaye dubun dubatar na'urori da jerin irin waɗannan kalmomi kimanin 60. Wanda ya shiga wannan shafi yana iya canja komai, har ya kore mai gida daga abinsa. Shi za a fara canjawa ranar da aka sayo na'urar.

A cikin shafin za ku ga wurin zaɓen irin kullewa. A zaɓi WPA2, wanda ya fito a 2004, ko WPA3 na 2018 in na'urar tana da shi. WEP tsoho ne, an karya shi tun 2001. Akwai kuma wani mai suna WPS, mai ba da damar shiga da lambobi takwas. An gano rauninsa a 2011, a kashe shi.

Game da kalmar sirrin kanta, mun ga masu sa lambar wayarsu, da sunan autansu, da 12345678. Duk yaron unguwa zai cinka waɗannan kafin la'asar. A haɗa kalmomi huɗu da ba su da dangantaka, kamar kwalekwale da albasa da alli da wata lamba, a rubuta a ajiye cikin akwati. Amma fa tun daga Android 10 waya tana iya nuna kalmar a matsayin hoton lamba wanda wata waya za ta ɗauka, don haka in an ba mutum ɗaya, an ba abokansa. Mu a ofishin malamai mun tsai da shawarar canja tamu farkon kowane zango, muna kuma duba jerin wayoyin da ke kan na'urar. Ran da muka fara dubawa, mu tara ne a ofis, muka ƙirga wayoyi ashirin da uku.