Dokar Bakin Rafi: Taki Nawa Za Mu Bari?

'Yan'uwa manoma, duk wanda ke da gona a bakin rafi ya san ƙasar wurin ta fi ta tudu albarka. Domin haka kowace shekara mukan ƙara kunya ɗaya ko biyu wajen ruwa, mu sare kurmi, mu ƙone ciyawa, har garma ta kai gaɓa. Da fari amfani yakan yi kyau. Amma bayan 'yan shekaru sai gaɓa ta soma zubewa, rafi ya faɗaɗa, yashi ya cika gurbin da muke ɗiban ruwa da rani. Saboda wannan ne ƙasashe da yawa suka kafa doka cewa a bar wani yanki na itatuwa da ciyawa a kowane gefen ruwa, kada a nome shi.

Me wannan yanki yake yi? Aikinsa huɗu ne. Na ɗaya, saiwoyi suna ɗaure ƙasar gaɓa kada ta rufta. Na biyu, sa'ad da ruwan sama ya gangaro daga gona ɗauke da laka, ciyawa takan rage masa gudu, lakar ta kwanta a nan maimakon ta shiga rafi. Na uku, takin zamani da maganin feshi da ruwa ya wanko, da yawa daga cikinsu sukan tsaya a nan kafin su kai inda mutane da dabbobi ke sha. Na huɗu, inuwar itatuwa tana sanyaya ruwa, kifi kuwa ya fi jin daɗinsa.

Bari mu duba yadda wata ƙasa ta kusa da mu ta yi. A shekarar 2011 gwamnatin Ghana ta fitar da tsari a kan wannan magana. Ta ce a manyan koguna masu gudu rani da damina a bar mita 10 zuwa 60. A ƙananan rafuka da ba su ƙafewa, mita 10 zuwa 20. A muhimman rafukan damina, mita 10 zuwa 15. A bakin madatsun da ke ba birane ruwan sha kuwa, mita 60 zuwa 90. Dalilin da ba a yanka lamba ɗaya ba shi ne, wuri mai gangara sosai ko ƙasa mai rairayi suna bukatar faɗi fiye da shimfiɗaɗɗen wuri. A Nijeriya ma akwai ƙa'idodin kare fadamu da gaɓar koguna da bakin tafkuna, waɗanda gwamnatin tarayya ta kafa a 2009. Sai dai yawancinmu ba mu taɓa ganin ma'aikacin da ya zo da igiyar awo ba.

To, ga inda wuyar take. Mutumin da gonarsa ta bi rafi tsawon mita 100, in ya bar mita 10, ya saki wajen rubu'in eka ke nan, kuma daga mafi kyawun ƙasarsa. Ga mai eka hamsin wannan ba kome ba ne. Ga gwauruwa mai eka ɗaya da lambun tumatir, babban abu ne. Dokar da ba ta lura da wannan ba, a takarda za ta tsaya.

Ƙasar Birazil, can Amurka ta Kudu, ta yi fama da wannan gardama shekaru da yawa. Dokar daji ta wurin, wadda aka sabunta a 2012, ta ce a bar mita 30 a gefen rafin da faɗinsa bai kai mita 10 ba, mita 50 kewaye da idon ruwa, har mita 500 a gefen koguna mafiya girma. Amma inda an riga an nome bakin ruwa kafin watan Yuli na 2008, sai aka sassauta bisa ga girman gona: mafi ƙanƙantar manoma su mayar da mita 5, na gaba da su mita 8, na gaba kuma mita 15. Wasu masana sun yi ƙorafi cewa mita 5 ya yi kaɗan, kuma da gaskiyarsu. Duk da haka akwai darasi a ciki: a ɗora wa kowa kaya daidai ƙarfinsa, amma kada a bar kowa hannu sake.

A nan ne ƙungiyoyinmu na gama kai suke da abin yi. Rafi ɗaya yakan ratsa gonakin mutum ashirin ko talatin. In na sama ya nome gaɓarsa, na ƙasa ne zai sha yashi, ko da shi ya kiyaye tasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawararmu:

1. Ku bi rafin da ƙafa bayan girbi, tare da mai unguwa da malamin gona, ku ga inda ruwa ya kai da ambaliya. Daga nan za a soma awo, ba daga inda ruwa yake da rani ba.

2. Ku shirya a kan faɗin da za a bari. Mita 10 wajen taki 13 ne na babban mutum. Mai ƙaramar gona ya soma da rabin haka, ƙungiya kuwa ta taimake shi da iri ko da gayya.

3. Dab da ruwa a bar itatuwan da suka saba da wurin, kamar giyayya, malmo, ɓaure, gora da tukurwa. Bayansu a dasa mangwaro da gwaiba. A iyakar gona a yi layin jema ko gamba. Kada a dasa turare kusa da idon ruwa, gama yana shan ruwa ƙwarai.

4. A hana wuta, da wanke tankin feshi a rafi, da haƙar yashi a gindin gaɓa.

5. Ku zauna da makiyaya, a keɓe mashaya da hanyar zuwa gare ta. In an toshe wa shanu ruwa, za su fasa ta inda suka samu, rigima kuwa ta tashi.

6. A rubuta abin da aka shirya, dagaci ya shaida, a riƙa karanta shi a taron shekara.

Kada mu ɗauka yankin nan ya zama asara. Daga cikinsa za a yanki ciyawar zana da jinka, a rataya amya, a ci 'ya'yan itace, a sassabe rassa don girki ba tare da an kayar da itace ba. Abin da aka hana shi ne huɗa da ƙuna.

Lokacin dashe shi ne farkon damina, sa'ad da ruwa ya zauna. Saboda haka tun da rani ya kamata a yi awo, a kafa turaku, a shirya wurin renon itatuwa. Muna roƙon shugaban kowace ƙungiya ya sa wannan magana cikin abubuwan da za a tattauna a taro mai zuwa.