Ba Kowane Maciji Ne Abokin Gaba Ba

A Digil ta ƙasar Mubi, kamar sauran ƙauyukan Nijeriya, da zarar an ga maciji a gindin rumbu sai a ɗauko sanda. Tsoron yana da dalili, gama kububuwa da kasa da kumurci suna hallaka mutane, musamman lokacin noma da girbi. Amma yawancin irin macizan da ke ƙasar nan ba su da dafin da zai kashe mutum, wasunsu ma suna yi wa manomi aiki ba lada.

Akwai macijin gida, mai launin ƙasa-ƙasa ko baƙi. Da dare yake fita, ya kama ɓera, ya nannaɗe shi har ya mutu, sa'an nan ya haɗiye. Ɓera kuwa ɓarnarsa ba ta tsaya ga dawa da gyaɗa ba. Wani irinsa ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, ba nisa da Mubi. Wanda ya kashe macijin gida ya buɗe wa ɓera ƙofar rumbunsa ke nan.

Duk da haka, kada a dogara ga kamanni. Macijin nan mai haɗiye ƙwan tsuntsaye ba shi da dafi, amma zanen jikinsa ya yi kama da na kububuwa, har yakan goga ɓawon jikinsa ya yi irin ƙarar da take yi. Saboda haka kada a taɓa kowane maciji da hannu. A ba shi hanya ya wuce, a janye yara.

Magidanci ya nome ciyawar da ke kewaye da gida, ya ajiye itacen wuta nesa da ɗakin kwana, ya toshe ramukan ɓera. Mai fita da dare ya sa takalmi ya riƙe tocila.

In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan, ko da ana zaton macijin ba mai dafi ba ne. Asibitin Kaltungo na Jihar Gombe ya shahara wajen wannan magani, amma a fara da asibiti mafi kusa, domin jinkiri ne ke jawo asarar rai.

Rigakafi ya fi magani.