Shekara Arba'in a Bakin Ƙasa Mai Tsarki

 

Yaranmu sun san ƙissar tsagewar teku da nutsewar Fir'auna, amma sau da yawa a nan muke tsayar musu da labarin, kamar da haye teku aka gama komai. Alhali jarrabawa mafi nauyi tana gaba, a bakin ƙasar da aka yi wa Bani Isra'ila alkawari.

Suratul Ma'ida, daga aya ta 20 zuwa ta 26, ita ta kawo labarin. Annabi Musa (AS) ya tuna wa mutanensa ni'imomin Allah a kansu, sannan ya umurce su da shiga ƙasa mai tsarki da Allah Ya rubuta musu, wato Baitul Maƙdis da kewayenta a ƙasar Sham. Malaman tafsiri sun ce ya aiki shugabanni 12 su leƙo ƙasar. Goma suka dawo suna tsorata jama'a da ƙarfin mazaunanta. Biyu kaɗai suka dake, Yusha'u ɗan Nunu da Kalibu, suka ce a afka ta ƙofar gari a dogara ga Allah, nasara za ta zo. Jama'a suka ƙi, har suka ce wa Annabi Musa ya tafi shi da Ubangijinsa su yi yaƙin, su kam suna nan zaune. Tatsuniyoyin ƙattai irin su Uju ɗan Unuƙu da ake cusawa a wannan gaɓa, Ibnu Kasir ya yi watsi da su; kada mu koya wa yara su da sunan addini.

Sai aka haramta musu ƙasar shekara 40, suna ɗimuwa a hamada. Duk da haka ba a yanke musu arziki ba: girgije na yi musu inuwa, ana saukar musu da mannu da salwa, dutse ya ɓuɓɓugo da idanun ruwa 12. A cikin waɗannan shekaru Annabi Haruna ya rasu, sannan Annabi Musa. Buhari ya ruwaito cewa da ajalinsa ya zo, ya roƙi Allah Ya kusantar da shi ga ƙasa mai tsarki gwargwadon jifan dutse. Mutumin da ya tsaya gaban Fir'auna bai taka ƙasar ba, kuma ba don laifinsa ba.

Yusha'u, saurayin nan da ya raka Annabi Musa a tafiyar da Suratul Kahfi ta ambata, shi ya ja sabuwar zuriya da ta tashi a hamada ba ta san bautar Masar ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani Annabi da ya fita yaƙi, ruwayar Imamu Ahmad kuma ta nuna Yusha'u ne. Ya hana mutum uku bin sa: ango da bai tare da amaryarsa ba, da wanda ya gina ɗaki bai rufa ba, da wanda ya sayi dabbobi yana jiran haihuwarsu. Ba ya son mai zuciya biyu a cikin rundunarsa. Da suka kusa garin wajen la'asar, ya roƙi Allah, aka tsayar masa da rana har aka yi nasara. A shari'arsu wuta ce ke sauka ta cinye ganima, amma ranar ta ƙi ci, sai da aka fito da zinariyar da wasu suka ɓoye.

Masu tafsiri sun saɓa kan garin da Suratul Baƙara ta ambata a aya ta 58: wasu sun ce Baitul Maƙdis, wasu sun ce Ariha. Umurnin dai a fili yake, su shiga ƙofa suna masu ƙanƙan da kai, suna neman a kankare musu zunubi. Azzalumai daga cikinsu suka mai da kalmar abin izgili, azaba ta sauko musu.

Wannan ne ya sa, a ganina, wanda ya karanta alkawarin nan kamar takardar gado ta jini bai karanta shi duka ba. Waɗanda aka fara gaya wa an rubuta musu ƙasar, su ne aka hana. Tun da farko, da Annabi Ibrahim ya roƙa wa zuriyarsa shugabanci, an sanar da shi cewa alkawarin Allah ba ya samun azzalumai. Yusha'u da muminan da suka bi shi kuwa, Musulmi na girmama su kamar yadda yake girmama dukan mabiya annabawa.

Sahabbai sun san ƙissar nan sarai. A shekara ta 2 bayan Hijira, kafin yaƙin Badar, da Manzon Allah (SAW) ya nemi shawara, Miƙdadu ɗan Aswadu ya miƙe ya ce su ba za su faɗi abin da mutanen Musa suka faɗa ba, za su yi yaƙi ta damarsa da hagunsa, gabansa da bayansa. Abdullahi ɗan Mas'udu, wanda ya ga abin da idonsa, ya ce ya ga fuskar Manzon Allah ta yi haske don farin ciki.