Rakiyar Baƙo a Ƙasar Kurfai

Duk wanda ya taɓa sauka a wani gida a Filinge ta yammacin Nijar, ko a Shikal, ko a ɗaya daga cikin ƙauyukan da suka jeru a gefen Dallol Bosso, wato tsohon kwarin nan da ya gangaro daga Azawak ya nufi kogin Kwara, ya san cewa shiga gidan Bakurfaye ta fi fita daga cikinsa sauƙi, domin sallama ɗaya ke shigar da mutum, amma fitarsa sai an bi ta kan wasu ladubba waɗanda babu mai tsallake ɗayansu face an ce bai sami tarbiyya ba. Turawa da waɗanda suka ɗauki ɗabi'arsu sukan tsaya a ƙofar gida, iyali duka, suna ɗaga hannu har motar baƙo ta sha kwana, kuma suna lissafa wannan cikin kyawawan halayen gida. Amma a ƙasar Kurfai, kamar sauran ƙasar Hausa, ƙafa ce ke yin aikin da hannu ke yi a can, kuma da yawan takun da mai gida ya yi tare da baƙonsa ake gane matsayin baƙon a wurinsa.

Farkon al'amarin shi ne neman sallama, gama baƙo ba ya miƙewa haka kawai ya kaɗe rigarsa, tun da yake daga sa'ar da ya sha ruwan gidan ya shiga amanar mai gidan, sai da izininsa zai fita. Yakan ce, "Malam, ina so in koma, rana ta yi." Mai gida kuwa, ko da ya san tafiyar ta zama tilas, ko da rumbunsa ya kusa ƙasa, wajibinsa ne ya ce, "Tun yanzu? Ai ba ka huta ba, bari rana ta yi sanyi." Kowanensu ya san inda zancen zai ƙare, amma ba a barinsa, domin wanda ya amsa wa baƙonsa da "to" a karon farko, kamar ya faɗa masa ne da ma an gaji da shi. Bayan wannan, in baƙon ɗan'uwa ne, sai a shiga da shi cikin gida ya durƙusa gaban tsohuwa ya ce, "Inna, za mu koma." Ita kuwa sai ta shiga lissafa masa mutanen garinsu ɗaya bayan ɗaya, wance da 'ya'yanta, wane da ciwon ƙafarsa, amaryar da aka kai bara, kowa da gaisuwarsa, shi kuma yana amsawa da "za su ji". Gaisuwar nan ba ado ba ce, saƙo ne da ake bin bashinsa, kuma an sha jin tsofaffi suna tuhumar matafiyi bayan watanni cewa an ba shi gaisuwa ya cinye.

Sa'an nan sai guzuri. Ba a sallamar baƙo hannu wofi: dunƙulen fura a ƙwarya, ko ƙullin wake, ko goro, ko kaza a ɗaure, ko cuku irin wanda ake yi da nonon shanun Azawak, waɗanda saboda su aka san gidan kiwo na Tukunus da ke arewa da Filinge. Yanzu kuma an ƙara da abin da ake dunƙulewa a tafin hannu ana cewa "ka sha ruwa a hanya", ko da ya ke kowa ya san kuɗin mota ne.

Daga nan ne rakiya ta sosai ke farawa, kuma tana da ma'auni wanda ba a rubuta ba amma yaro ƙarami ya san shi. Maƙwabcin da ake gani kullum, a taka masa zuwa bakin zaure ya wadatar. Wanda ya zo daga wata unguwa, a kai shi mararrabar hanya. Amma kawu, ko suruki, ko malamin da mutum ya yi karatu a gabansa, ko wanda ya taso daga nesa domin ta'aziyya, wannan sai an fita da shi bayan gari, an wuce rijiya, an wuce masussuka, har inda gonaki suka fara. Mai gida ne ke riƙe masa jaka, ko ya ja masa linzamin doki a zamanin dawakai, ko ya tura masa keke, yara kuma suna gaba da ƙunshin guzuri a kai. Matan da ke cikin kulle iyakarsu bayan zaure, daga nan muryarsu ke ƙarasa abin da ƙafarsu ba ta kai ba, amma baƙuwa mace 'yan'uwanta mata ne ke raka ta, kuma rakiyarsu ta fi ta maza tsawo, saboda sukan tsaya sau da yawa a hanya. Idan an yi nisa sai gardama ta biyu ta tashi. Baƙo ya ce, "Ka koma haka nan, ka yi nisa, na gode." Mai gida ya ce, "Bari dai in kai ka gindin gawon can." Can za a tsaya, a yi musafaha, kowa ya kai hannunsa ga ƙirji, a shafa fatiha, a ce sauka lahiya, Allah shi kiyaye hanya, Allah shi sada mu da alheri, mai gida kuma ba ya juya baya nan take, yakan tsaya har tudu ko karan gero ya ɓoye masa baƙonsa.

Akwai wata fa'ida a cikin wannan tafiya wadda, a ganina, ita ce ta raya al'adar fiye da kowace, ko da ya ke ba a cika faɗinta ba. Gidan Bahaushe gida ne mai kunnuwa da yawa, zaure kuwa majalisa ce, duk mai wucewa yana da haƙƙin ya yi sallama ya zauna; saboda haka mutumin da ya zo neman rancen hatsi kafin kaka, ko wanda ya zo jin ta bakin ɗan'uwansa game da auren 'yarsa, ko wanda ya zo kai ƙarar ƙanensa da ya ƙi noma, yakan kwana biyu yana hira a kan damina da tsadar taki, bai ko kusanci abin da ya kawo shi ba, sai an fita bayan gari, yara sun yi gaba, su biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba mai kallon idon wani, sa'an nan ya rage murya ya ce, "Yaya, da ma akwai wata 'yar magana." Idan an biya bukatar, babu wanda ya ji balle ya yi gori, idan ba a sami iko ba, babu wanda ya ga kunyar kowa. Mai gida mai hankali ya san haka, shi ya sa ba ya wakilta yaro ya raka babban baƙo.

Malamai ba su bar wannan al'ada ba tare da hujja ba. Ibnu Majah ya ruwaito cewa fita da baƙo zuwa ƙofar gida yana daga cikin sunna, ko da ya ke masana hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan ruwaya. Amma abin da ya fi ƙarfi shi ne aikin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wanda ya raka Mu'azu ɗan Jabal sa'ad da ya aike shi Yaman, Mu'azu yana bisa abin hawa shi kuwa yana tafiya a ƙasa yana yi masa wasiyya, haka kuma Sayyidina Abubakar ya yi wa Usama ɗan Zaidu da rundunarsa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar addu'ar da ake yi wa matafiyi, inda ake damƙa addininsa da amanarsa da ƙarshen ayyukansa ga Allah. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ɗaliban ilmi na ƙasashenmu ke karantawa a zaurukan malamansu, ta haɗa sallama da neman izini da abin da ake faɗa a tafiya cikin babi guda.

Bayan hujjar shari'a akwai kuma larura ta zamanin dā. A ƙarni na 19 Dallol Bosso wurin hare-hare ne tsakanin Kurfayawa da Zabarmawan Tondikandiya da Buzayen Imanan da Tagazar, yau ƙawance gobe gaba, kuma wanda ya fita gari shi kaɗai bai san abin da zai tarar a bayan dutse ba. A irin wannan hali, raka baƙo har iyakar gonakin gari shela ce ga duk mai gani cewa mutumin nan yana da masu shi, banda nuna masa inda rijiya ta gaba take da hanyar da ba a bi. Nasara ya zo a farkon ƙarni na 20, ya kafa bariki a Filinge, ya ɗora Gado Namalaya a kan sarautar Kurfai, hari ya kwanta, amma rakiya ba ta kwanta tare da shi ba.

Abin da ke ba baƙon ido mamaki shi ne, mutanen da ke yi wa baƙo wannan doguwar hidima, idan ɗan cikinsu ne zai tafi sai ka ga kamar abin bai dame su ba. Ƙasar Kurfai ƙasa ce ta gero da wake da damina gajera, kuma da zarar an ɗaure dammuna an zuba a rumbu sai samari su kama hanyar cin rani, a dā zuwa Kumasi da Akara, yau zuwa Yamai da Kwatano da Lome da Abijan da Legas, wasu har Libiya. Ɗa zai zo da asuba ya durƙusa a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa ya ce, "Inna, ku yafe mini, zan tafi." Ita kuwa, musamman in ɗan fari ne, wanda kunya ta hana ta ko ambaton sunansa, ba za ta rungume shi ba, ba za ta bi shi zaure ba, tana iya ma ci gaba da abin da take yi, ta ce, "Na yafe maka duniya da lahira, Allah shi yi maka albarka." Wanda bai san alkunya ba zai ce taurin zuciya ne, alhali kuwa ita ce ta kwana tana daka masa guzuri, kuma ita ce ta tura gwaggonsa da ƙannensa su kai shi tasha a madadinta.

Ba kowace tafiya ce ta sami wannan ba. A zamanin aikin tilas, wanda Faransa ba ta soke ba sai 1946, da kuma shekarar fara da yunwa ta 1931, mutane da yawa na yammacin Nijar sun bar gida cikin dare ba sallama, suka nufi Gwalkwas, wadda ake kira Gana yau.  Da gwamnatin Gana ta kori baƙi a 1969, da Najeriya ta yi irin haka a 1983, waɗanda aka kora sun bar masu masaukinsu na shekaru ba tare da ko musafaha ba.

Ɗaga hannu kuwa mota ce ta kawo shi. Hannu yana da nasa zance a wurinmu tun dā: ana jinjina wa sarki, ana yafito na nesa, kuma yadda 'ya'yan Turawa ke buɗe yatsu suna rufewa idan suna ban kwana, a wurin Bahaushe ma'anarsa "zo nan". Amma ba a raka mota da ƙafa, kuma tsakanin Filinge da Yamai akwai wajen kilomita 180 ta Bonkuku da Baleyara, direba kuwa, balle ranar Lahadi da kasuwar Baleyara ke ci, ba ya jiran a gama lissafin gaisuwa. Saboda haka rakiya ta taƙaita a tasha, abin da ya rage na magana sai hannu ya ƙarasa shi ta taga, wayar salula kuma ta karɓi aikin labarin sauka. Ba na ganin aibu a cikin wannan. Aibun yana wurin wanda ke kishingiɗe a kan tabarma, idonsa a kan waya, ya ɗaga wa kawunsa yatsu biyu ya ce sai an jima. Haka kuma ba na yabon kishiyarsa, wato cika motoci da jama'a domin rakiyar amarya ko alhaji, ana gudu ana tsere, a kashe abin da zai ciyar da gida wata guda, wani lokaci ma a kwana a asibiti. Wannan israfi ne, ba karamci ba.

A 'yan shekarun nan rashin tsaro ya sake taɓa al'adar, tun da hare-hare suka yawaita wajen Abala da Sanam da iyakar Mali, aka sa dokar ta-ɓaci a sassa da dama na jihar Tillaberi daga 2017, aka kuma hana hawan babur a farkon 2020. Mai gida da ke kai baƙonsa bayan gonaki, yau shi ne ke gaggauta shi ya tashi da hantsi don kada la'asar ta same shi a daji, kuma babu mai zarginsa idan ya tsaya a bakin gari. Wannan uzuri ne karɓaɓɓe, amma iyakarsa daji. Tsakanin ɗaki da zaure, da tsakanin zaure da tasha, babu abin da ya hana. Ya kai mai karatu, idan baƙo ya nemi sallama a gidanka, tashi ka sa takalmi, ka karɓi jakarsa, kuma ka kira ɗanka ya biyo ku ya ga yadda ake yi.