Ƙwayar Maganaɗisu Guda A Cikin Ƙarfe Mai Sanyi

Duk wanda ya taɓa wayar lantarki bayan ta yi aiki, ko a Asata ta Inugu ko a Fagge ta Kano, ya san takan yi ɗumi. Ɗumin nan hasara ce, gama ƙarfen yana tauye wutar da ke ratsa shi. A 1911 wani masani a Leiden ta ƙasar Holan, Kamerlingh Onnes, ya sanyaya zaiba har digiri 269 ƙasa da sifiri, sai tauyewar ta ɓace sarai. Ba a gane dalili ba sai 1957: ashe ilektiron, watau ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar, haɗuwa suke yi biyu-biyu, su wuce ba tuntuɓe.

To, ina labarin in ƙwayar zarra guda mai maganaɗisu ta faɗo cikinsu? Ita takan jawo ɗaya daga cikin biyun, ta ture ɗaya. Yu Lu na Sin a 1965, da Shiba na Japan a 1968, da Rusinov na Tarayyar Sobiyat jim kaɗan bayansa, kowa ya yi lissafinsa dabam, suka tarar baƙuwar tana buɗe wani gurbi a gindinta inda ilektiron zai zauna shi kaɗai. Sai a 1997 na'urar kamfanin IBM a Kalifoniya ta nuna gurbin a fili.

Abin mamakin yana gaba. In jan baƙuwar ba shi da ƙarfi, abokan tafiya ba su rabuwa. Amma da zarar ya ƙetare wata iyaka, sai ta ƙwace ɗaya ta riƙe, halin wurin ya juye nan take. Mai karatu ya lura, ƙanƙara sai da zafi take narkewa, alhali kuwa wannan juyi ba ruwansa da zafi. A 2011 masana a Balin suka aza ƙwayoyi iri ɗaya bisa dalma, waɗansu suka ƙwace, waɗansu suka kasa, bambancin mazauni kurum.

Kada a ce wahalar banza ce. A 2014 a Jami'ar Princeton ta Amurka aka jera ƙwayoyin baƙin ƙarfe kamar carbi bisa dalma, aka ga wata alama a bakin jerin, wadda ake fatan gina sabuwar irin kwamfuta da ita. Waɗansu masana dai sun yi gardama, suka ce gurbin Shiba da ke dab da iyakar nan ma yana iya ba da alama mai kama da ita.