Yadda Italiyawa ke gasa forketa, da abin da wuta ke yi wa nama

A garuruwan tsakiyar Italiya, ranar kasuwa ba a rasa motar mai sayar da forketa. Gasasshen naman alade ne da aka zare wa ƙashi, aka cusa masa gishiri da ganyaye masu ƙamshi, aka naɗe shi kamar tabarma, aka ɗaure da zare. Mai saye yakan karɓi yanka ɗaya ko biyu a cikin burodi. Musulmi ba ya cin wannan nama, amma dabarar gashinsa ilimi ce da ta shafi kowane irin nama, shi ya sa ta cancanci a fahimce ta.

Garin da ya fi suna da ita shi ne Aricca, kudu maso gabashin birnin Rum, wanda a 2011 Tarayyar Turai ta ba forketarsa rajistar kare suna. Mutanen can tafarnuwa suke sawa da masoro da rozmari, wani ganye mai kama da allura. A yankin Umbriya kuwa shammar na daji, wani ganye mai ƙamshi, shi ne kan gaba. Asali dabbar ake gasawa ɗungurungum a tanderun itace. Mai girki a gida ba shi da wannan sarari, don haka yakan sayi naman ciki mai fata da kitse, ya naɗe tsokar baya a cikinsa.

Wannan naɗi ba ado ba ne. Tsokar baya ba ta da kitse, tana saurin bushewa. Naman ciki kuma kitse ne da jijiya, yana bukatar dogon lokaci kafin ya yi laushi. Idan aka haɗa su, na waje ya zama riga ga na ciki. Akwai kuma batun ƙamshi: sinadaran da ke cikin ganyayen nan a mai suke narkewa, ba a ruwa ba, saboda haka kitsen da ke zagwanyewa shi ne ke ɗaukar ƙamshin ya ratsa da shi cikin naɗin. Da a kan fata aka barbaɗa su, da sun ƙone tun kafin naman ya dahu.

Sai fata, inda wahalar take. Ciki na son wuta kaɗan, fata na son wuta mai ƙarfi, ga shi kuma tare suke. Maganin yana farawa tun jajibiri: a tsattsaga fatar da wuƙa ba tare da an kai ga tsoka ba, a shafa gishiri, a bar naman a firji ba rufi har ya kwana, iska ta busar da bayansa. Washegari a sa shi a obin mai zafin kusan digiri 150 na tsawon awa uku zuwa huɗu. A wannan zama ne jijiya, wadda masana ke kira kolajin, take narkewa ta koma wani ruwa mai danƙo irin wanda ke sa farfesun ƙafar saniya ya daskare idan ya huce. Daga nan a ɗaga wuta zuwa digiri 230 ko sama, kamar minti ashirin. Ɗan ruwan da ya rage a fatar sai ya koma tururi, ya kumbura ta, ta yi ƙuraje, ta zama garas-garas. Fatar da ta shiga wuta da danshi ba ta yin haka, tauri take yi kamar ƙirgi.

In an sauke, a bari ya huta rabin awa kafin a yanka, don romon ya zauna a cikinsa.

Su kansu Italiyawa ba su tsaya ga alade ba. A yankin Marke suna dafa zomo da agwagwa da irin haɗin ganyayen da ake sa wa forketa, su ce an yi su "irin na forketa". A ganina nan ne amfanin yake gare mu. Ƙirjin rago yana da kitse da jijiyar da ake bukata, yana kuma naɗuwa. Fata ce kawai babu, don haka a rage gashin ƙarshe zuwa minti goma, da zarar bayan ya yi ja a sauke.